Kano zuwa Jidda: Awa nawa ne a sama?

Duk lokacin Umarar azumi sai an yi wannan musu a Facebook. Wani zai ɗora hoton tikitinsa ya ce tafiya ta ci masa awa shida da rabi, amma dawowa awa biyu da rabi kacal. Nan take masana za su cika wajen sharhi: wannan ya ce ai dawowa gangara ce, wancan ya ce direban ne ya taka wuta. Babu ko ɗaya. Agogo ne ya yi masa wasa da hankali.

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, idan an ja layi miƙe ta saman Chadi da Sudan aka tsallaka Bahar Maliya. Jirgin fasinja yana cin kusan kilomita 850 a awa ɗaya, ka ga awa huɗu ke nan. Ƙara lokacin hawa da sauka da jan jiki a titin jirgi, sai ya kama wajen awa huɗu da rabi.

To ina sauran suka fito? Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, Ghana kuwa da awa uku. Kuma kowane lokaci da ka gani a tikiti, agogon garin da aka rubuta ne. A ce ka tashi Kano ƙarfe 11:00 na dare, tikiti ya nuna sauka Jidda 5:30 na asuba. A lokacin agogon gida 3:30 yake nunawa. A dawowa sai lissafin ya juya: tashi 8:00 na safe, sauka Kano 10:30, alhali awa huɗu da rabin nan ka zauna a kujera, ba ragi.

Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne. Nan ne mutum ke cire awa biyu daga lokacin sauka, wai yana gyara lissafi, ya tura ƙaninsa filin jirgi ya yi ta shanya a rana. Ka kuma lura da ɗan +1 ɗin da ke gefen lokacin sauka. Ma'anarsa gobe za ka isa, don haka kada ka kama otal da kwanan wata na kuskure.

Sai dai layi miƙe a taswira yake. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan Najeriya na shekarar suka zagaya. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kamfanonin jirage suka nemi ƙarin kuɗi. Shi ya sa abin da Google ya nuna maka da abin da kamfani ya rubuta ba lallai su zo ɗaya ba. Na kamfanin za ka bi.

Ga kuma tikitin nan mai araha da ejan ke ce maka “ɗan tsayawa ne kawai” a Alƙahira ko Addis Ababa. Kafin ka tura kuɗi, tambaye shi tsayawar awa nawa ce. Wata awa biyu ce, wata kuwa kwana za ka yi a kan benci, kai da jakarka da cajar da ba ta shiga soket ɗinsu. Idan da tsohuwa za ka tafi, ni dai na ce a ƙara kuɗin a hau mai zuwa kai tsaye.