"Recurring": Abin da Ya Tafi Ya Dawo

Jama'ar Bali da New Bell, da yawanku kun tambaye mu dalilin da ya sa jami'ar kariya take cewa "sau nawa?" bayan mutum ya gama ba da labarinsa. Ba ƙaryata ku take yi ba. So take ta san ko za ta rubuta wata kalmar Turanci a takardarku, wato "recurring". Ana furta ta "rikarin". A takardun Faransanci, waɗanda suka fi yawa a nan Duwala, "récurrent" za ku gani.

Ma'anarta ita ce abin da ya faru, ya lafa, sannan ya dawo. "Re" ɗin da ke farkonta daidai yake da "sake" a Hausa. Kwalara ta ɓarke a Duwala a 2004, ta dawo a 2011, ta kuma dawo a 2022. Haka ruwan da ke shiga ɗakunanmu duk damina. Abin da ya faru sau ɗaya tak ba ya cikin wannan kalma.

Ga amfaninta gare ku. Mai gida da ya yi barazanar kora sau ɗaya daban yake da wanda ke watso kayanku waje duk ƙarshen wata. Haka yarinyar da wani ke tare wa hanya duk lokacin da aka aike ta famfo. Abin da ke dawowa alama ce cewa haɗarin bai wuce ba, kuma sanin haka yana taimaka wa jami'a ta gane wanda ke buƙatar agajin gaggawa.

Mu tafintoci abin da muka ji muke faɗa. In kun ce "kullum", kowace rana za a rubuta. In gobe kuka ce sau uku ne, sai a ga kamar magana biyu kuka yi. In kuma kunya ta sa kuka ce "ba komai, ya wuce", za a ɗauka sau ɗaya ne.

Don haka ku ƙirga kafin ku zo. In ba ku riƙe kwanan wata ba, ku ce kafin azumi, ko bayan babbar salla, ko farkon damina. Wanda kuka manta, ku ce kun manta. Mace tana iya neman mace ta yi mata tafinta. Abin da kuka faɗa amana ne, ba ma kai shi unguwa.