Daga Sakkwato Zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Jirgin Sama?

Duk shekara in alhazanmu na Talata Mafara da Bakura da Maradun suka dawo, sai gardama ta tashi a majalisa. Wani ya ce awa bakwai ya yi a sama kafin ya sauka Jidda, wani ya rantse awa uku ya yi a hanyar dawowa. To, ba wanda ya yi ƙarya. Agogo ne ya ruɗe su.

Mu fara da nisa. Daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, inda alhazan yankinmu suka daɗe suna tashi, zuwa Jidda kimanin kilomita 3,700 ne in an miƙe sak. Wato ya fi tafiyar Sakkwato zuwa Gusau sau goma sha biyar. Daga Kano kuwa kimanin kilomita 3,400 ne. Babban jirgi yana cin fiye da kilomita 800 a awa ɗaya, saboda haka wajen awa biyar ya isa. Kakanninmu da suka bi ta Barno da Cadi da Sudan a ƙasa da jakuna, wasunsu shekaru suka yi a wannan hanya, suna tsayawa noma don neman guzuri.

Amma ba kullum ake miƙewa ba. A shekarar 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta, tilas jiragen alhazai suka yi zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, kamfanonin jirage kuma suka nemi ƙarin kuɗi.

Sai batun agogo. Saudiyya tana gabas da mu, rana tana riga fitowa can, don haka agogonsu ya wuce namu da awa biyu. In jirgi ya tashi ƙarfe 10 na safe, zai sauka ƙarfe 3 na rana a agogonka, alhali a Jidda ƙarfe 5 na yamma ne, la'asar ta daɗe da yi. Ka ga awa bakwai ke nan ga mai lissafi da agogon bango. A dawowa sai abin ya juya: ka bar Jidda ƙarfe 10, ka sauka gida ƙarfe 1.

Kada a ɗauki wannan abin wasa ne. In jami'an alhazai suka ce mota za ta tashi ƙarfe 6 na safe, wanda bai gyara agogonsa ba zai ga ƙarfe 4, ya gyara kwanciya, ya farka ba kowa a masauki. Da zarar ka sauka, ka tura agogon hannunka gaba da awa biyu. Mai shan maganin ciwon suga ko hawan jini ya tambayi likitan alhazai yadda zai daidaita lokacin sha.

Ku kuma na gida, in za ku buga wa Hajiya waya bayan kun gama hirar dare ƙarfe 10, ku tuna can sha biyun dare ta yi.