Gafi: Lalacewar da Wuta Ba Ta Gyarawa

Abinci yakan lalace ta hanyoyi da yawa. Nama ya ruɓe, tuwo ya yi tsami, masara ta yi fumfuna, wake ya yi ƙwari. Amma akwai wata lalacewa da ba ta kama komai sai mai da kitse da abin da ke ɗauke da su. Ita ce gafi: warin nan mai hawa kai da ake ji a tsohon man gyaɗa, da maƙaƙin da yake bari a maƙogwaro bayan an haɗiye loma. Ana samunsa a man shanu, da ƙuli-ƙuli, da kilishi, da kifin banda, har ma da garin gero da ya kwana biyu a kwano.

A ƙasar Yauri wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968 tafki ya mamaye tsofaffin gungaye da gonaki, kifi ya ƙara zama ginshiƙin arzikin Sarkawa da Gungawa da sauran mazauna gaɓa, daga Shanga zuwa Yelwa har Wara ta ƙasar Ngaski. Mafi yawan abin da aka kama ba a cinye shi ɗanye a ranar. Banda ake yi ko a shanya, a zuba a kwali, fatake su yi kudu da arewa da shi. Tsakanin ranar kamu da ranar da kifin zai shiga miya akan yi makonni, kuma a wannan tsakanin ne gafi yake aikinsa.

Hanyoyi biyu da mai yake ɓaci

Hanya ta farko ta iska ce. Iskar oksijin da muke shaƙa takan haɗu da mai ta sauya shi a hankali, kamar dai yadda take sa ƙarfe tsatsa. Da farko ba a jin komai, domin sinadaran da ke fara taruwa ba su da wari. Sai daga baya su farfashe su zama wasu masu tashi a iska, a nan ne hanci yake ankara. Ma'ana, ranar da ka ji warin ba ranar ce man ya fara lalacewa ba, ya daɗe a kan hanya. Abubuwan da ke hanzarta wannan aiki su ne zafi, da hasken rana, da ɓurɓushin ƙarfe ko tagulla. Masana sun ƙiyasta cewa ƙarin zafi na digiri 10 kan kusan ninka saurin lalacewar. Wanda ya san zafin Yauri a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke kaiwa 40, zai gane halin da kwalbar man gyaɗa take ciki idan ta yini a kan teburi a bakin titi.

Hanya ta biyu ta ruwa ce. Idan danshi ya zauna cikin mai, wasu sinadarai na halitta da ke cikin abincin, ko ƙananan ƙwayoyin da suka faɗa ciki, sukan tsinka man su saki wani tsami mai ƙarfin wari. Ɗanyen man shanu shi ne babban misali, domin kusan kashi 16 cikin 100 nasa ruwa ne. Wani masanin Faransa, Michel Chevreul, wanda ya wallafa littafinsa kan kitsen dabbobi a 1823, yana cikin waɗanda suka fara ware sinadarin da ke ba tsohon man shanu warinsa. Amma iyayenmu mata da matan Fulani sun daɗe da sanin maganin: a soya man har kumfa ta kwanta, ruwan ya ƙone, sannan a tace a rufe. Soyayyen man shanu yakan yi watanni, ɗanye kuwa kwanaki kaɗan ne a lokacin zafi. Haka abin yake ga gero. Muddin ƙwayar tana ɗaure lafiya lau, amma da zarar an niƙa, man da ke cikinta ya haɗu da iska da danshi, garin ba ya wuce mako ɗaya ko biyu bai fara ɗaci ba. Shi ya sa mai fura ta ƙwarai ba ta ajiye gari.

Me ya sa kifi ya fi saurin kamuwa?

Ba kowane mai ne ƙarfinsa ɗaya ba. Wanda yake daskarewa, irin kitsen shanu da man kaɗe, ya fi jure iska. Wanda yake tsinkakke ya fi rauni, kuma man kifi ya fi kowanne rauni. Abin mamaki, sinadarin da ya sa likitoci ke yabon kifi, wato omega 3 mai amfani ga zuciya da ƙwaƙwalwa, shi ne ya fi saurin faɗawa hannun iska. Don haka tarwaɗa mai ƙiba ta fi karfasa marar kitse saurin gafi. Warangi kuma, ƙananan kifayen nan da ake kamawa da yawa a tafkin a shanya a rana, jikinsu duka a buɗe yake ga iska da haske, sai ka ga sun rine sun yi ja idan suka daɗe.

Hayaƙin banda yana taimakawa, domin akwai sinadarai a cikinsa da ke rage saurin lalacewar mai, ga kuma zafin da ke busar da ruwa. Amma sai an yi bandar ta nuna har ciki. Kifin da aka sauke da wuri don kada ya rage nauyi, waje ya bushe ciki da laima, shi ne yake komawa ya ci amanar mai shi a hanya. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa ta daɗe tana aiki a kan ingantattun murhunan banda saboda irin wannan asara.

Inda kuskuren yake

Mutane da yawa sun ɗauka wuta tana wanke komai. In mai ya yi gafi, sai a ɗora shi a kasko, a yanka albasa a ciki, a ce an kashe warin. Albasa kuwa Allah ya hore wa Yauri ita, ba a nemanta a rasa. To, gaskiyar magana ita ce wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta mayar da lalataccen mai yadda yake. Albasa ta rufe wari ne kawai, zafin kaskon kuma ƙara lalata man yake yi. Haka nan zuba sabon mai a kan tsoho ba gyara ba ne, tsohon ne zai ja sabon ya lalace da wuri.

Loma ɗaya ko biyu ta abinci mai gafi ba ta cika kwantar da mutum nan take ba, sai dai tashin zuciya ko ɓacin ciki. Illar tana cikin sabo. Gafi yana cinye bitamin A da E da omega 3, ka biya kuɗin abinci mai gina jiki ka tashi da ƙaiƙayi. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi kuma sun nuna cewa yawan cin irin wannan mai yana taɓa hanta da hanyoyin jini. Man suya da ake maimaitawa kullum a kaskon ƙosai ko na kifi yana cikin wannan sahu. Idan ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba, ya gama aiki. A Indiya, tun watan Yulin 2018 doka ta hana suya da man da lalatattun sinadaransa suka haura kashi 25 cikin 100.

Kada kuma a haɗa gafi da fumfuna. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar aflatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Wannan guba tana jawo cutar dajin hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi kore ko baƙi-baƙi, zubarwa ake yi.

Abin da ya kamata a yi

Uwargida ta sayi man da za ta iya ƙararwa cikin ɗan lokaci, ta rufe shi ruf, ta ajiye nesa da murhu da taga. Kada ta tsoma jiƙaƙƙen cokali a ciki, kada ta zuba shi a gwangwani mai tsatsa, kuma ta wanke kwalba ta bushe kafin ta sake cika ta. Mai sayar da mai ya sama wa kayansa inuwa. Mai banda ya fara aiki da kifin tun yana sabo, ya bar shi ya huce kafin ya rufe a kwali, ya ɗaga kwalin daga ƙasa, musamman da damina. Wanda ke fama da ƙwari ya sake ɗora kifin a wuta, kada ya fesa masa maganin ƙwari irin su Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan sa shi a abinci.

Mai saye kuma ya tuna araha ba ta ado. Ya ɓare kifin ya duba cikinsa, ya sansana, ya ɗanɗana mai kafin a auna masa. Ranar da masu saye suka daina karɓar kaya mai gafi komai sauƙin kuɗinsa, ranar ce dillali zai fara matsa wa mai banda ya gasa da kyau, mai mai kuma ya nemi rumfa.