Rijistar Agogo a Kwamfutar da ke Cikin Kwamfuta

A wannan maƙala zan yi bayanin wata matsala da masu gina manhajar KVM suka fuskanta. KVM, wadda ta shiga Linux a shekarar 2007, tana ba kwamfuta ɗaya damar ɗaukar wasu kwamfutocin kwaikwayo a cikinta. Ita ce mai masauki, su kuwa baƙi. Idan baƙon ya buɗe nasa masaukin ya saukar da wasu baƙin, to an sami kwaikwayo cikin kwaikwayo.

A ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin Arm akwai matakan iko: EL0 na ƙananan manhajoji, EL1 na babbar manhaja, EL2 na mai masauki. Rijistar CNTHCTL_EL2, wato wata 'yar ma'ajiya mai jerin gurabe, ita ke yanke wanda zai taɓa agogo. Kowane gurbi yana ɗauke da 0 ko 1.

Ɗalibin harshe ya san "gari" na mutane da "gari" na tuwo: rubutu ɗaya, tsawon wasali ke raba su. Haka wannan rijista take, kuma gurbin E2H da ke wata rijistar ne ke zaɓen ma'anarta. In yana 0, gurabe na 0 da 1 su ke ba EL1 izinin agogo. In ya koma 1, wannan izini ya ƙaura zuwa gurabe na 10 da 11, na farkon kuma su zama na EL0.

Tsarin Armv8.3 na 2016 ya ba da damar baƙo ya zaci yana EL2 alhali yana EL1. A nan matsalar take. Idan E2H na baƙon yana 1, wasu gurabensa suna zaune a rijistar gaske mai suna CNTKCTL_EL1, inda zai iya canza su ba da sanin mai masauki ba, sauran kuma suna cikin kwafin da mai masauki ya ajiye. Duk wanda ya karanta ɓangare ɗaya ya sami rabin magana, har agogo ya buɗe wa wanda aka hana ko ya rufe wa wanda aka ba izini.

Gyaran shi ne a haɗa ɓangarorin biyu duk lokacin karatu, a kuma duba E2H kafin a fassara kowane gurbi. A ganina wannan aikin tafinta ne: sai ka san da wane kari aka furta kalma kafin ka mayar da ita.