Akwatin da ba ya magana: kafin a ɗora zagin amfilifaya a sikelin mai gwangwan

A Rano da Kibiya ba a rasa gidan da wani tsohon hedimasta ko malamin gona ya rasu ya bar kayan sauti a saman kabad. Yawancinsu na shekarun 1970 ne, zamanin da aka gina madatsar ruwa ta Tiga, kuɗin Udoji kuma suka faɗo aljihun ma'aikata a 1975. Wasu a kantunan Kano aka sayo su, wasu tsarabar alhazai ce daga Jidda. Ranar rabon gado, rediyo da rikoda ba sa rasa mai so. Amma akwai wani akwati mai faɗi, fuskarsa cike da maɓallai, wanda ko an yi dabarar jona masa lasifika sai ya yi gum. Nan take a yanke masa hukuncin ya mutu, a ba yaro ya kai wa mai gwangwan a auna a kilo.

Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, ba a dai ƙera shi don ya tuƙa lasifika ba ne. Masu gyaran rediyo suna ce masa firi-am, ni kuwa zagi nake kiransa. Duk wanda ya kalli hawan sallah a Rano ya san zagi: yana gaban dokin sarki yana share hanya, amma ba shi ne bisa sirdi ba. Allurar da ke bin faifai 'yar wutar da take fitarwa ba ta wuce kashi 5 cikin 1000 na bolt ɗaya ba. Zagi ne ke karɓar wannan raɗa, ya ninka ta kamar sau 100, ya miƙa wa babban amfilifaya, shi kuma ya girgiza lasifika.

Yana da aiki na biyu da ba kowa ya sani ba. Wajen yanka faifai, da gangan ake rage kaurin sauti don kada layin ya yi faɗi ya cinye fili, a ƙara sirantarsa don ta danne shuu ɗin da allura ke yi. A 1954 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta tsayar da ma'auni ɗaya na wannan ragi da ƙari, zagi kuma shi ke mayar da kowane sauti mazauninsa. In babu shi, kalangun Shata sai ya fito tamkar ana kaɗa gwangwanin madara.

To, yaya ake gane shi? A juya bayansa, don fuska tana ruɗi. Zagi ba shi da wurin ɗaura wayar lasifika. Ramuka ne kawai a jere, bibbiyu, na hagu da na dama, an rubuta Phono, Tuner, Aux, Tape, sai kuma Output. Ga shi ba nauyi, ba shi da haƙarƙarin ƙarfen nan mai shan zafi. In aka ga wurin ɗaura lasifika, to galibi haɗaɗɗe ne, zagi da mahayi, wato babban amfilifaya, a akwati ɗaya, kuma irinsa ne ya fi yawa a cikin Sansui da Pioneer da Kenwood da Akai da suka shigo ƙasar nan. Rami mai zagaye da 'yan ƙofofi biyar a ciki kuwa galibi alamar ƙirar Turai ce.

Daga nan sai ɗan allon da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar samfuri da lambar ƙira. A karanta shi harafi-harafi, don harafi ɗaya yana sauya farashi. Marantz 7, wanda kamfanin Saul Marantz ya fitar a New York a 1958, mai kwalaben bawul shida ne samfurin 12AX7, kuma masu tara kayan sauti a Japan da Amurka suna biyan dubban daloli a kansa. Marantz 7T, ƙanensa mai taransista, a fuska kamar an tsaga kara, amma kuɗinsa bai kama ƙafar na yayan ba. McIntosh C22 na 1963 yana sahun masu tsada. Quad 33 na Ingila, wanda ya fito a 1967, kyakkyawan abu ne, sai dai an ƙera shi da yawa, saboda haka farashinsa tsaka-tsaki ne.

Kuskuren da ya fi kashe waɗannan na'urori shi ne ɗokin gwaji. Wanda aka yi don kasuwar cikin Japan bolt 100 yake sha, na Amurka 120, wutarmu kuwa 230 ce, ta janareta ma ba ta da alƙibla. Soka shi ɗaya ya isa ya ƙone taransifoma, kuma samun irinta sai an tona. Ko da wutar ta dace, kondensar da ta shekara 40 tana barci ruwan cikinta ya bushe. Ga ƙurar hunturu, ga gidan zanzaro, ga ɓera da ya ci waya. Gogaggen mai gyara yakan buɗe ya share tukuna, sannan ya ratsa wutar ta cikin ƙwan lantarki mai zare: in ƙwan ya haska ya dushe, alhamdu lillahi, in ya tsaya da haske, akwai inda wuta ke gajarce hanya, sai a zare.

Wajen kuɗi, mai saye na waje asali yake nema. Maɓallai na ainihi, fuskar da ba a kankare ba, rubutun da bai goge ba, ciki kuma ba a yi masa ɗinkin dalma barkatai ba. Mu nan gyara shi ne abu ya yi aiki, ko da kayan wata rediyo aka cusa masa. A can wannan gyaran rage daraja yake. Don Allah kada a shafa masa fenti ko a goge shi da fetur. In mai kwalba ne, a duba sunan da ke jikin kwalaben: Telefunken na Jamus da Mullard na Ingila su kansu kuɗi ne, shi ya sa ya kamata a ɗauki hotonsu kafin akwatin ya kwana a shagon kowa.

Yaran yanzu za su buɗe eBay su ga an rubuta farashi mai tsoratarwa, su ce an yi arziki. Kuɗin da mai kaya ya yanka daban, wanda aka saya daban. A nemi jerin waɗanda aka riga aka sayar. A cire kuɗin aikawa, da ladan dillali, da kasadar fashewa a hanya. Gaskiyar magana, mafi yawan abin da ke saman kabad ɗinmu matsakaitan kayan Japan ne, ba taska ba. Sun dai fi kuɗin kilo nesa ba kusa ba.

Ni abin da ya fi damuna faya-fayan da ke jibge kusa da akwatin ne, na Shata da Ɗanmaraya Jos da makaɗan fada, waɗanda wasunsu da wuya a same su a wani wuri. Mai son kwafe su zuwa kwamfuta sai ya bi ta irin ramin Phono ɗin nan. Faya-fayan garmaho masu gudun 78 kuwa yawancinsu sun girmi ma'aunin RIAA, kuma allurarsu ta fi kauri, sai an nemo tasu daban. Kafin a samu, a jera su a tsaye cikin inuwa, don faifan roba da rana ta lanƙwasa da wuya ya miƙe.