3.4 Yadda 'Yan Wasa Suka Karɓi Wasan The Case of the Golden Idol

A wannan sashe za a duba karɓuwar wannan wasa na kwamfuta, wanda wasu 'yan'uwa biyu daga ƙasar Latbiya suka fitar a 2022. Akan nuna wa ɗan wasa hoton wurin da aka yi kisa, ya riƙa latsa mutane da kayayyaki yana tsintar kalmomi, sannan ya cike guraben jimloli da su domin bayyana wanda ya aikata.

Wasan ya karɓu, har aka fitar da na biyunsa a 2024. Sai dai an sami saɓani a wuri guda. Idan kurakuran ɗan wasa ba su wuce biyu ba, kwamfuta takan sanar da shi. Wasu sun yaba, wasu kuwa suna ganin an buɗe ƙofar canke. A ra'ayin mai wannan nazari, masu sukar suna da hujja. A kacici-kacicin da yara kan yi da dare a Argungu da Birnin Kebbi, wanda ya kasa sai ya ba da gari kafin a gaya masa amsa. A nan kuwa ba ya asarar komai, yana iya ta sauya sunaye har ya dace.