Me ya sa saƙonnin ƙungiyoyin matasa ke faɗawa kwandon tarkace?

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, ƙungiyoyin matasa a unguwannin kudancin kogin Kaduna, irin su Kakuri da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, na ƙara dogaro da imel da saƙon tes wajen kiran taro da wayar da kan masu zaɓe. Sai dai aika saƙo daban, isarsa daban: manhajojin tace saƙonni kan jefa na gaskiya wuri ɗaya da na 'yan damfara.

Abin da manhajar ke dubawa

Tun Fabrairun 2024 kamfanonin Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa. A Gmail, duk mai aika saƙo kusan 5,000 a rana dole ne ya tabbatar da adireshinsa ta tsarin SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke shaida cewa ba sojan gona ba ne. Dole kuma ya ba mai karɓa damar dakatar da saƙonnin cikin sauƙi, kuma masu ƙorafi a kansa kada su kai uku cikin dubu. Ƙaramar ƙungiya ma ba ta tsira ba, domin ƙorafin mutane kaɗan ya isa ya zubar da mutuncin adireshinta.

Abin da doka ta ce

A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a. Ta ba ɗan ƙasa ikon janye amincewarsa, ta kuma sanya addini da ƙabila da ra'ayin siyasa cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman. A birnin da rikicin shekarar 2000 da na 2002 suka raba mazauninsa, jerin sunaye da unguwanni da aƙidar siyasa ba abin wasa ba ne idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Hukumar NCC kuma tun 2016 ta ware lambar 2442 domin toshe saƙonnin tes da ba a nema ba.

Mafita

Manhaja da doka abu ɗaya suke nema: yardar mai karɓa. Ƙungiyar da ta kwashi adireshi daga takardar halartar taro, ko ta sayi lambobi, ita ce ke fara shiga tarko. Wadda ta nemi izini, ta bayyana sunanta, ta cire wanda ya ce ya gaji, ita ce saƙonta zai isa ranar da take buƙatar jama'a.